Toka da Tsamiya

"Ya sake kashewa," in ji Yalwa, tana hararar kan wayar da ke hannunta kamar shi ne ya yi mata rashin kunyar.

Matar da ke da kantin, wadda baƙin gidan suke kira Lawbaniya, ta ɗauke ido daga 'yar talabijin ɗinta. "Meyo?" ta tambaya.

"Meyo," in ji Yalwa. Babu ke nan. Ita ce kalmar da ta fara koya a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma har yau ita ta fi yi mata aiki.

Karo na biyu ke nan tana kiran Kumasi da wannan jar waya ta bakin kanti. Ran farko, tana cewa ita maƙwabciyar Baba Iliasu ce, ɗansa Saddique ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya ajiye. Yau kuwa ta faɗa masa abin da likita ya faɗa ba kwana-kwana: zuciyar tsohon ta kumbura, ba zai iya hawa jirgi ba, magani kuma ya kai iyakarsa. Tana jin ƙarar guduma a bayansa, Saddique ya ce, "Hajiya, ina da motar mutane a hannu." Daga nan sai ƙit.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita ma uwa ce, ta bar nata 'ya'yan a Kano ta biyo kasuwar wandon jins tare da ƙanenta Ilu, kuma ba ta taɓa zaton akwai ɗan da za a ce masa ubansa na bakin gaɓa ya yi zancen mota ba. Ta biya Lawbaniya, ta kama hawan bene. Gidan tsoho ne, a wani lungu bayan titin Liuhua Lu, babu lif, matakalarsa kullum a jiƙe. Ta wuce kwalayen samfurin da ita da Ilu suka kwaso daga garin Xintang, ta sunkuya ta ƙarƙashin gorar da wata maƙwabciya ta shanya riguna a kai, ta tsaya a ƙofar da ke kallon tata tana mai da numfashi.

"Shigo, 'yar Kano. Na ji takunki."

Baba Iliasu yana jingine da bango, an tara masa filo a baya don ba ya iya kwanciya sosai. Mutumin zangon Kumasi ne, mai loda wa mutane kaya a kwantena zuwa Tema da Legas. Da kasuwar Bangkok ta lalace ya taho nan, cikin na farko-farko. Shi ya nuna wa Yalwa da Ilu inda ake sayar da naman halal a bayan Masallacin Huaisheng, shi ya koya musu cewa idan lawban, wato mai kanti, ya yi dariya da yawa, a sake buɗe kwalin. Hausarsa ta zango ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji: mota shi, mata shi, bindiga ma shi.

"An yi ruwa a Kumasi?" ya tambaya, idonsa a kan taga.

Haka yake tambayar. Ranar da ya ba ta lambar ma cewa ya yi ta kira ta ji masa ko damina ta sauka, kamar shi manomi ne. Bai taɓa cewa yana son jin muryar ɗansa ba, kuma duk gidan babu wanda bai san abin da yake so ke nan ba.

"Layin ne bai shiga ba, Baba."

"Hm," in ji shi. Bai yarda ba, bai kuma ƙaryata ta ba.

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ɗakin nan ya san bindigar Baba Iliasu, ko da yake babu wanda ya gan ta sai a hoton da ke manne a bango. Tana can gidansu a Kumasi, don a ƙasar nan doka ba ta san wasa da bindiga ba. Ƙarama ce, ta harbin zabin daji da kurciya, irin wadda ake kira tu-tu. Ranar da Yalwa ta fara jin sunan sai da ta rufe baki da mayafi, shi kuwa ya yi fushi na yini guda. Ya saye ta ne tun yana saurayi daga wani Bature mai sana'ar katako da zai koma gida. Irinta da yawa baƙaƙe ne ƙirin, amma ita ƙarfen da ke saman kunamarta launi-launi ne, shuɗi da ja-ja da ruwan zuma sun shiga juna kamar man fetur a kan ruwan kwata. Da gawayin ƙashi aka ƙona ƙarfen a masana'anta, in ji shi, kuma kaɗan aka yi haka aka daina.

Hoton gefen dama kawai yake nunawa. Labarin gefen hagu kuwa, ko ba ka tambaya ba za ka ji shi. Wani jajiberin Sallah, Saddique yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya ga uwarsa ta fito da tasoshi da farantan tagulla tana gogewa da toka da tsamiya har suna ɗaukar ido. Ya dubi bindigar ubansa ya ga dabbare-dabbare, ya ɗauka tsatsa ce da datti. Ya sa toka, ya sa tsamiya, ya duƙufa. Kafin uban ya dawo daga kasuwa gefe guda ya zama fari fat kamar cokali, yaron kuma yana tsaye yana jiran a yaba masa.

A gaban baƙi Baba Iliasu ya ce masa, "Kada hannunka ya sake taɓa wani abu nawa."

Yaron ya riƙe maganar fiye da yadda aka faɗe ta. Ya daina cin abinci a kwanon uban, ya daina miƙa masa hannu a gaisuwa, ya tafi koyon kanikanci ya kama kwana a gareji. Uwar ta yi ta ɗinki tsakaninsu har Allah ya karɓi ranta. Bayan nan uban ya fita ƙasashe, ɗan ya dawo gidan da iyalinsa, shiru kuma ya yi ta tsufa a tsakaninsu. Kuma kada ka ɗauka tsohon nadama yake yi in yana ba da labarin. Ina! Ƙara yake kaiwa, kamar jiya aka yi. "Toka!" zai ce, yana buga cinya. "Da tsamiya! Kamar tukunyar tuwo!"

Yalwa ta zuba masa ruwan zafi a kofi. Shi kuwa ya jawo makullansa daga ƙarƙashin filo. A jikin zoben akwai wani ɗan kwanson harsashi na tagulla, fanko, bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, an huda shi an rataya.

"Kin taɓa duba wannan?"

"Kullum ina ganinsa, Baba."

"Gani daban, dubawa daban. Kawo idonki." Ya juya mata gindin kwanson. A bakin da'irar akwai 'yan tabo guda biyu, ɗaya nan, ɗaya can. "Manyan harsashi wutarsu a tsakiya yake. Na tu-tu kuwa a gefe yake, an zagaya da shi baki-baki. To wani lokaci mai zubawa bai zuba ya kai ko'ina ba. Ka ga zabo, ka ja kunama, ka ji ƙyas. Shiru. Mutane sai su ce tu-tu ba shi da amana, su jefar da harsashin."

"Ai gaskiyarsu."

"Gaggawarsu dai. Ka ɗan jira, ka fito da shi, ka juya shi, ka sake sawa. Wutar yana ciki, wurin da ka buga ne babu." Ya taɓa tabon farko da farce. "Nan ya ƙi." Ya taɓa na biyu. "Nan muka ci nama."

Tari ya sarƙe shi. Yalwa ta riƙe masa kofin har ya lafa, tana jin tausayinsa da haushinsa a lokaci guda. Mutum yana mutuwa, amma zancen zabo yake yi.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Ilu ya shigo da baƙo. Lokacin baje kolin kaka ne, otal-otal ɗin Liuhua Lu duk sun cika, kuma cikin waɗanda suka zo har da Alhaji Abdul-Hafiz, wani attajirin Accra mai sayen injinan niƙa. A gida an fi saninsa da tara tsofaffin bindigogi, ɗaki guda ya ware musu. Ya daɗe yana bin Baba Iliasu a kan tu-tu ɗin nan. Ya zo dubiya da lemo da tuffa, ya yi addu'a mai tsawo, kuma tsakani da Allah addu'ar ta fito daga zuciyarsa. Sai dai idonsa bai bar hoton bango ba.

Yalwa tana bakin ƙofa tana yanka lemon lokacin da ya gyara zama.

"Baaba, ba don ina ganin ka kwanta ba. Ka san tun yaushe nake magana. Baƙaƙen ko'ina akwai su, ni kaina ina da biyu. Amma mai wannan launi, na yi tambaya har Ingila, waɗanda suka rage ba su da yawa. Gara ya zauna wurin wanda ya san darajarsa."

"Rabin launi ne," in ji tsohon. "Ka manta?"

"Ban manta ba. Shi ne ya karya masa daraja, masu saye ba su son abin da aka taɓa. Amma na samu wani maƙeri a can, aikinsa ke nan. Zai mayar wa gefen hagu launinsa. Ba zai kai na asali ba a wurin masana, amma ido ba zai gane an taɓa goge shi ba."

Baba Iliasu ya yi ƙoƙarin tashi zaune, Ilu ya tallafe shi.

"Wa ya ce a mayar?"

"Ai gyara ne, Baaba. Kai da kanka kullum kana cewa an ɓata..."

"Ni na ce. Bakina ne, kayana ne." Numfashinsa yana fita da ƙyar, amma muryar ta dawo irin ta mai loda kwantena. "Alhaji, kai mai neman abin da babu irinsa ne, ko? Gefen dama, ka ce akwai wasu a Ingila. To je ka nemo mini wani bindiga a duniya wanda yaro ya zauna tun safe yana goge shi don ubansa ya yi murna ran Sallah. Na ga hannunsa ranar, tsamiya duk ya tsattsaga masa yatsu. Wannan gefe guda ɗaya ne tak, kuma babu maƙerin da zai taɓa shi."

Wuƙar ta tsaya a hannun Yalwa.

Tsohon ya koma ya jingina, ya rufe ido. "Yaron banza," ya ce. "Ya ɓata mini kaya."

Alhaji Abdul-Hafiz ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Na ji, Baaba," ya ce. "Ba zan sake tambaya ba." Ya kuwa cika alkawari.

Yalwa ba ta jira baƙon ya tafi ba. Ta ajiye farantin lemo, ta goge hannu a zane, ta sauka. La'asar ce a Guangzhou, safiya a Kumasi, daidai lokacin buɗe gareji. Lawbaniya ta tura mata wayar.

"Kada ka kashe," in ji Yalwa, tana jin muryarsa. "Ba zancen ciwo na kira ba. Zancen bindiga ne."

"Ya sayar?" Tambayar ta fito da sauri har ta ba ta mamaki.

"Bai sayar ba. Saurara."

Ta faɗa masa duka, yadda aka yi, ba ƙari ba ragi: attajirin, maƙerin Ingila, yatsun da tsamiya ta tsattsaga. Da ta gama, ƙarar gudumar da ke bayansa ta yi nisa, kamar ya ja wayar ya shiga wani ɗaki.

"Shi ya faɗi haka? Da bakinsa?"

"Da bakinsa, a gaban mutane."

"Hajiya, kada ki yi mini daɗin baki don ba shi da lafiya."

"Ni ba na yin daɗin baki. Yana gamawa ya ce kai yaron banza ne, ka ɓata masa kaya."

Sai ta ji wata irin dariya, wadda ta karye a tsakiya ta koma wani abu daban. Ta ba shi lokaci. Wani mai keke ya wuce da tulin kwalaye yana kaɗa ƙararrawa.

"To shi ne," in ji Saddique daga baya. "Shi ne ya faɗa. Ba ni lambar wurin nan. Gobe war haka ni zan kira."

Washegari Baba Iliasu ya ce shi ba inda za shi. Don me za a wahalar da mutane a kan waya? Amma tun azahar ya sa Ilu ya ciro masa farar rigarsa ta Juma'a, ya sa hula, ya shafa turare, kamar wayar tana da ido. Ilu da wasu 'yan Nijar biyu da ke hawa na ƙasa suka ɗora shi a kujerar roba suka sauko da shi a hankali, yana yi musu faɗa a kowace kwana. Lawbaniya ta ga halin da ake ciki, ta kashe talabijin ɗinta da kanta, abin da Yalwa ba ta taɓa gani ba.

Wayar ta yi ƙara. Yalwa ta ɗauka ta kara masa a kunne, don hannunsa ba zai iya riƙewa ba. Saddique, da yake ya saba magana cikin hayaniyar gareji, muryarsa har waje ake ji.

"Salamu alaikum, Baaba."

Tsohon ya gyara murya. "Wa alaikumus salam. An yi ruwa a Kumasi?"

"An yi jiya, Baaba. Mai yawa."

"Hm. Ruwa yana kawo tsatsa. Abin nan yana cikin akwati, babu mai duba shi."

"Ina duba shi. Kowace Juma'a ina fito da shi in sa masa mai."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka tafi."

Baba Iliasu ya ƙara manna kunnensa ga wayar. Yalwa tana jin ɗumin kuncinsa a bayan hannunta.

"Gefe biyu?"

"Gefe biyu, Baaba."

"Ai na ce kada hannunka ya taɓa abu nawa."

"Ka ce."

"To, na janye. Taɓa. Naka ne, da shi da gidan da ni kaina." Ya ja numfashi. "Allah ya yi maka albarka, Saddique. Allah ya ba ka masu goge maka kaya."

Abin da Saddique ya amsa ba a ji shi sosai ba, don kuka ya ci ƙarfinsa. Ilu ya juya baya yana karanta rubutun jikin kwalayen sabulu, shi da bai iya ko harafi ɗaya na Sinanci ba. Yalwa kuwa ba ta ɓoye nata hawayen ba, hannunta ɗaya yana riƙe da waya, ɗayan yana riƙe da kafaɗar tsohon.

"Amma kada ka sa toka," in ji Baba Iliasu.

Sun daɗe bayan nan. Ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, aka kawo ƙaramar ta ce masa sannu, ya tambayi bishiyar mangwaron tsakar gida. Da aka mayar da shi sama bai yi wa kowa faɗa ba. Ya sha rabin kofin kunu, ya ce gishiri ya yi kaɗan a miyar jiya, Yalwa ta ce gobe za ta gyara.

Ya ƙara kwana biyu. A safiya ta uku Yalwa ta ƙwanƙwasa da kwanon koko a hannu, ba ta ji "shigo, 'yar Kano" ba. Yana jingine yadda ya saba, fuskarsa ta juya wajen hoton, carbinsa ya zame kan bargo. Ta yi salati, ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta je ta taso Ilu.

Musulmin garin, 'yan ƙasa, su suka taimaka da wanka da neman izinin binnewa. Aka sallace shi, 'yan Ghana da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da tsofaffin Sinawa masu fararen huluna, aka kai shi maƙabartar Musulmi. Yalwa ta zauna a gida tana haɗa kayansa. Ba su da yawa: riguna, bargo, butar shayi, takalmi ƙafa biyu. Ta ɓanɓare hoton daga bango, ya bar farin gurbi a jikin fenti. Alhaji Abdul-Hafiz ya ce shi zai kai komai Kumasi da hannunsa.

Da yamma mai gidan ya aiko a karɓi makulli. Yalwa ta zauna a kan matakala ta sa farce ta buɗe zoben, ta zare ɗan kwanson, ta miƙa sauran. Ta shiga ɗakinta ta buɗe kwalin samfuri, ta zaɓi wando guda mai kauri, irin wanda zai jure aikin gareji. Ba ta san ƙugun Saddique ba, sai ta auna da na ubansa.

Ta fito ta zauna a bakin ƙofa, hasken rana ya shigo ta tsakanin rigunan da ke kan gora ya sauka a cinyarta. Ta ɗaga kwanson ta juya shi a hasken, tabo ɗaya nan, ɗaya can. Sannan ta zura shi a ɗan ƙaramin aljihun wandon, ta danna shi da yatsa har ƙasa, ta ninke.